Cin ranin da ya kai ni Hérouxville

Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Tasawa, cikin jihar Maraɗi a Nijar. A garinmu, da an gama girbi an ɗaure dammunan gero an jera a rumbu, sai gari ya koma na tsofaffi da mata da yara. Samari kowa ya saɓi jakarsa: wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas, masu ƙarfin hali su tsallaka Libiya ko Aljeriya. Ina ɗan shekara 11 aka yi yunwar 2005, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango. Na ga mahaifiyata tana dafa ganyen da ko akuya ba ta cika waiwayarsa ba. Tun daga shekarar Baba ya ɗauki alwashin cewa ɗaya daga cikin 'ya'yansa sai ya sami abin yi wanda bai dogara da ruwan sama ba. Ni aka zaɓa aka bari a lakwal.

Ban yi nisa ba. Jarrabawar birbe ta kayar da ni sau biyu, sai na kama koyon walda a Maraɗi, daga nan na wuce Yamai. Abu biyu na tsira da su, hannu da Faransanci, kuma su ne suka kai ni inda ban taɓa mafarki ba. Wani dillali ya ce lardin Kebek na ƙasar Kanada yana neman masu walda da ke jin Faransanci. Kuɗin da ya yanka mini sun fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Da na je gida na faɗa, Baba bai ce uffan ba. Ranar kasuwa ya kora shanun huɗarsa biyu, ya dawo da igiya a hannu. Ya miƙo mini kuɗin a ƙulle cikin tsumma ya ce, "Kai dai ka je. Hauya ba baƙuwata ba ce."

Da takardar aiki ta fito, na ga an rubuta sunan garin da zan zauna: Hérouxville, su suna cewa Eruvil. Na buga sunan a waya don in ga hoton wurin, sai abin da ya fito ya hana ni barci. A watan Janairun 2007 majalisar wannan ɗan ƙauye, wanda mutanensa ba su wuce 1,300 da 'yan kai ba, ta fitar da wata takardar ƙa'idojin zama ga baƙi. A ciki an rubuta cewa a garinsu ba a jefe mace, ba a ƙona ta da ranta, ba a rufe fuska sai ranar wasan Halowin da ake shigar dodanni, kuma maza da mata tare suke iyo. A lokacin kusan babu baƙo ko ɗaya a garin. Kowa ya san da wa ake. Wani kansila mai suna André Drouin ne ya ja gaban abin, labari ya zagaya duniya, har cikin watan Fabrairu shugaban gwamnatin lardin, Jean Charest, ya kafa kwamitin Bouchard da Taylor don ya saurari jama'a kan zaman baƙi da 'yan ƙasa. Ina cikin karantawa na kuma ci karo da labarin mutum shida da aka harbe a masallacin birnin Kebek ranar 29 ga Janairun 2017.

Na so in fasa. Amma shanu sun riga sun shiga hannun wani. Ban gaya wa kowa abin da na karanta ba, har matata, wadda a lokacin take da cikin wata biyar.

Na sauka Monreyal a watan Nuwamban 2022, aka ɗauke ni a mota tafiyar kamar awa biyu. Muka wuce Trois-Rivières, muka wuce Shawinigan, gidaje suka yi ta raguwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne garin ba a dunƙule yake kamar namu ba. Hanya ce miƙaƙƙiya, gida nan, gida can, kowane gida gonarsa ta miƙe a bayansa siririya doguwa kamar sawaye. Irin wannan layin suna kiransa rang. A tsakiya ga coci da dogon tsininsa, ga maƙabarta, ga ofishin gari. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. Ban ga yaro ko ɗaya a waje ba.

Faransancin da nake taƙama da shi kuwa, ashe ba shi ba ne. Ranar farko a wurin aiki shugaban sashenmu ya yi mini magana ta minti biyu, ban tsinci komai ba sai sunana. Nan wurinsu icitte ne, sanyi frette, mota char. Zaginsu ma daban yake: ba uwa ba uba, sunayen kayan coci suke ambata idan ransu ya ɓaci. Mutum zai buge yatsa da guduma sai ka ji ya kira sunan akwatin da ake ajiye gurasar ibada. Na daɗe ina zaton addu'a suke yi.

Takardar aikina irin wadda ake kira rufaffiya ce, wato sunan ma'aikata ɗaya ne a kanta. Idan ka bar su, ba ka da ikon yin aiki a wani wuri sai ka sake neman wata. Wanda ke riƙe da irin wannan takarda ba ya ɗaga murya. An sa ni aikin da ba shi aka rubuta ba, na yi. An ce in zo ranar Asabar, na zo. Akwai wanda kullum in na shimfiɗa kwali a bayan injin zan yi Azahar sai ya yi wata magana sauran su yi dariya. Ban san me yake cewa ba, kuma ban nemi sani ba. Na koma gida in kulle ƙofa, in dafa shinkafa, in kira gida in ce komai lafiya lau. Ba na gaida kowa a layinmu, domin duk tsohon da na hanga sai in ce a raina: wataƙila da hannunsa a takardar nan.

Ranar 23 ga Disamba aka yi wata guguwa mai dusar ƙanƙara da ta katse wuta a gidaje dubu ɗaruruwa a lardin. Ɗakin da nake haya da lantarki ake ɗumama shi. Kafin tsakar dare numfashina ya fara fita kamar hayaƙi a cikin ɗaki. Na sa duk kayan da na mallaka, har babbar rigar Sallah, na naɗe da bargo ina karanta abin da ya sawwaƙa. A raina na ce, ɗan Tasawa, yau sanyi zai kashe ka a inda babu mai yi maka wanka.

Sai na ji ana dukan ƙofa da ƙarfi. Tsohuwar da ke gidan tsallaken hanya ce, riƙe da tocila, ta sha hula har gira. Shekarunta sun haura 80. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi sunana ba. Ta ce, "Yaro, kana so ka mutu ne? Taso."

A ɗakin girkinta akwai murhun ƙarfe na itace, baƙi ƙirin, wanda ta ce ya girme ta. Ta zaunar da ni kusa da shi, ta cire mini takalma da kanta ta duba yatsuna ɗaya bayan ɗaya, tana latsawa tana tambaya ko ina ji. Ta ɗora tukunyar miyar wake, ta kai cokali ke nan sai ta tsaya, ta kalle ni, ta sauke tukunyar. Ta ce akwai alade a ciki. Ta soya mini ƙwai da dankali. Ban gaya mata ni Musulmi ne ba. Ashe wata guda tana kallona ta taga, ta ga ba na kunna fitila sai da asuba, ta kuma lura ban san yadda ake kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa ba. Kwana biyu na yi a gidanta. Tun ina ce mata Madam har bakina ya koma Inna, ta tambayi ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce to a bar shi haka.

A bakinta na ji tarihin garin, ba a littafi ba, kuma ba a zama ɗaya ba. Ta ce sunan garin na wani limamin coci ne, Joseph-Euchariste Héroux, wanda ya kafa wurin ibada a nan a 1897, lokacin da ake saran daji ana buɗe gonaki. Aka sa wa cocin sunan Saint-Timothée, sannan a 1904 hukuma ta mai da yankin ƙaramar hukuma. Shi ya sa har yau a takarda ake kiran garin municipalité de paroisse, wato ƙaramar hukumar da aka shata iyakarta a kan iyakar yankin coci. Haka aka yi wa ƙauyuka da yawa a Kebek tun dokar 1855. A da, coci ne ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, mutanen coci ne ke riƙe da makaranta da asibiti. Ta ce a zamanin mahaifiyarta, idan mace ta shekara biyu ba ciki, limami zai zo har gida ya ji dalili. Akwai ma lokacin da gwamnati, tun daga 1890, take ba duk magidancin da ke da 'ya'ya 12 a raye kyautar fili eka 100. Su 14 ne a wurin mahaifiyarsu. Na ce mata mu 11 ne. Ta yi dariya ta ce ashe mu ƙananan gida ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne da ta ce gona ba ta ciyar da su shekara. Da an gama kaka, mazan gari sai su ɗaure kaya su nufi arewa, can cikin daji, sansanonin saran itace. Ba a sake ganinsu sai ƙanƙara ta narke, lokacin da ake turo gumagumai ta kogin Saint-Maurice zuwa masana'antun takarda. Gari ya rage tsofaffi da mata da yara. Na ajiye kofin shayi na ce, "Inna, ai wannan cin rani ne." Na yi mata bayanin namu, ta ce bambancin kawai su sanyi ke korarsu, mu rani.

Wasu kuma sun tafi ba su dawo ba. Ƙannen kakanta sun bi ayarin masu jin Faransanci kusan 900,000 da suka kwarara Amurka tsakanin 1840 da 1930, zuwa masaƙun Lowell da Manchester. Jikokinsu yanzu ko gaisuwa ba su iya ba da harshen kakanninsu. 'Yan'uwanta kuma masana'antun Shawinigan da Grand-Mère suka janye su, wasu Monreyal. Daga shekarun 1960 mutane suka juya wa coci baya, gwamnati ta karɓe makarantu da asibitoci, haihuwa ta faɗi warwas. Ita huɗu ta haifa, 'ya'yanta daga mai biyu sai mai ɗaya sai wanda bai haifa ba. Masana'antun da suka kwashe samarin ma suka bi layi suna rufewa, ta takarda da ke Grand-Mère ta rufe a 2014.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ta zancen takardar 2007. Ta daɗe tana juya cokali a kofi. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, a lokacin ta ga kamar daidai ne. Ba ta taɓa ganin Musulmi ido da ido ba sai a talabijin, kuma abin da talabijin ke nunawa ba mai daɗi ba ne. Ta ce mata irinta sun sha wuya kafin su fita daga ƙarƙashin limamai, sai suka ji kamar wani addinin ne zai zo ya mai da su inda suka fito. Ta tuna lokacin da wasu mata Musulmi suka zo daga Monreyal da kayan zaƙi don a zauna a fahimci juna, ita ba ta fita ba. Ban ce mata na gamsu ba, don ban gamsu ba. Tsoro dalili ne, amma wanda aka rubuta takardar a kansa shi ya san zafinta, ni kuwa ta hana ni barci tun ina Yamai. Sai dai na kasa haɗa wannan takarda da matar da ta durƙusa tana latsa mini yatsun ƙafa. Magajin garin na lokacin da na iso, Bernard Thompson, shi ma yana cikin waɗanda suka goyi bayan takardar a da, daga baya ya fito fili ya ce yanzu baƙi suke nema. Ko zuciya ce ta sauya, ko rashin ma'aikata ne ya sa dole, ina ga kowanne da kasonsa.

Matata ta haihu a watan Maris, namiji, ta waya na ji kiran sunan. Azumi ya kama, ya zo daidai da lokacin da suke tatsar ruwan itacen da ake dafawa ya zama zuma, lita kusan 40 kafin a sami lita ɗaya. Inna ta hana jikanta zuba zumar a kan ƙanƙara sai da rana ta faɗi, don in sha ruwa da ita. Na fara sakin jiki. Ina tura kuɗi, ina lissafin cewa kafin damina ta biyu zan mayar wa Baba shanunsa.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, tura kuɗi ya zama wahala, ranar 6 ga Agusta aka rufe sararin samaniya. Cikin wannan tsakanin Baba ya faɗi a gona, yana noma na biyu da hauya. Ba a gaya mini ba, wai kada hankalina ya tashi. Ya yi kwana huɗu. Ya cika da asuba, lokacin nan ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare, wayata tana kashe da murya saboda aikin safe. Da na farka ƙarfe biyar na tarar da kira 23. Kafin in sami layi an riga an dawo daga maƙabarta.

Na san ko ina Yamai ba lalle in riski jana'iza ba. Amma da na zauna a kan tabarma a ƙofar gida, na karɓi gaisuwa, na riƙe hannun mahaifiyata. Babu jirgi, kuma ko da akwai, ban san ko zan sami komawa bakin aikina ba. Abin da ya fi ci mini rai igiyar nan ce da ya dawo da ita daga kasuwa. Malamai sun gaya mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma da dare ya yi sai in ga tsoho a duƙe cikin rana, a gonar da shanu ya kamata su nome. Na yi mako biyu ba na cin abin kirki. Na ƙone hannuna a wurin aiki saboda hankalina ba ya jikina. Na yanke shawarar da an buɗe hanya zan tattara in koma, kowa ya huta.

Mahaifiyata ce ta hana. Ta ce, "In ka dawo hannu wofi, to shanun sun tafi a banza ke nan, shi ma ya tafi a banza. Ka zauna. Ka yi masa sadakar arba'in a inda kake." Na san akwai malaman da ba su yarda da wannan sadaka ba, amma umarnin uwa ne, ban tsaya jayayya ba.

Na rasa wa zan ba. Masallacin da nake zuwa Juma'a in na sami dama yana Trois-Rivières, kusan awa guda a mota. Na gaya wa Inna. Ta ce maƙwabta fa, ba mutane ba ne? Sannan ta ba ni wani labari da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ɗanta na fari ya rasu yana wata uku, cikin watan Janairu, mijinta yana sansanin itace. Ƙasa ta daskare ba ta haƙuwa, sai aka ajiye gawar a ɗan ɗakin da ake tara mamatan hunturu har zuwa bazara. Wasiƙa ba ta isa ga uban ba sai bayan mako uku. Ta ce har ya mutu bai daina cewa da bai tafi ba. "Kuma da bai tafi ba, da yunwa ta kashe mu duka," in ji ta.

Na sayo garin gero a shagon 'yan Afirka, na kwaɓa na bar shi ya kwana. Ba ni da tanda, sai ta fito da wani kaskon ƙarfe mai nauyi na mahaifiyarta. Masar ta fito a baje, ba ta yi kyan gani ba, amma ƙamshin na gidanmu ne, har na fita waje na tsaya a bayan gida na ɗan lokaci. Muka zuba a faranti muka rufe, ta riƙe sandarta ta ce in tuƙa.

Gida 11 muka shiga a layinmu. Kafin mu tsaya a kowace ƙofa sai ta ba ni lissafi. Nan a da su 16 ne, yanzu tsoho ɗaya da karensa. Nan su 12, an sayar wa mutanen birni, sai lokacin zafi suke zuwa. Wancan ƙaramin ginin makarantar layin ce, malama ɗaya da yara sama da 30, yanzu an mai da shi gidan zama. Nan gona uku ce, mutum ɗaya ya haɗe su yana nomawa da inji. A kowace ƙofa ita ke magana: "Mahaifin yaron nan ne ya rasu a Afirka, bai sami zuwa ba. Wannan abincin don shi ne." Wasu suka karɓa suna kallon farantin da mamaki. Wata ta rungume ni. Wani tsoho ya cire hularsa, ya tambayi me Baba yake nomawa, da na ce gero da wake sai ya ce in jira, ya shiga ya fito da hoton mahaifinsa a bayan dawakin huɗa. Gida ɗaya an leƙo ta labule ba a buɗe ba. Inna ta ajiye farantin a kan matakala ta ce mu je.

Yau shekarata ta uku ke nan a garin. Na bar wancan wurin aikin bayan an sha fama da takardu, inda nake yanzu ba wanda ya damu da kwalin da nake shimfiɗawa. A bara na tura kuɗi ƙanena ya sayi shanu biyu, ya turo mini hotonsu a ɗaure a turken da Baba ya kafa. Takardun matata da yaron suna nan ana jira, yaron ya san ni ne a matsayin mutumin cikin waya. A yankin yanzu akan ga 'yan Tunisiya da Kamaru da wasu ƙasashe, a shago mukan gaisa da kai.

Inna ta faɗi a matakala a hunturun da ya wuce, 'ya'yanta suka kai ta gidan kula da tsofaffi a Shawinigan. An sa gidanta a kasuwa. Kaskon ƙarfen yana wurina, ita ta ce a ba ni. Ina zuwa duba ta ranar Lahadi. Wani lokaci ta gane ni nan take, wani lokaci ta kira ni da sunan ɗaya daga cikin ƙannenta. Makon jiya na gaya mata na yanki tikiti, bayan Sallah zan je gida in ga kabarin Baba. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni wata nawa zan yi. Na ce ɗaya. Ta ce haka mazan garin nan suke cewa, sannan ta sa na rubuta ranar dawowata a kalandar da ke jikin bangon ɗakinta.